Idan Rumbun Bayanai Ya Ƙi Amsa Tambaya

Manhaja da rumbun bayanai ba harshe ɗaya suke ji ba. Mai rubuta manhaja yana aiki da Python ko Java ko PHP, yana tunanin manomi da buhu da kuɗi. Shi kuwa rumbun, PostgreSQL ne ko MySQL, bai san komai ba sai tebur da layi da ginshiƙi, kuma SQL kaɗai yake ji. Abin da ke tsakaninsu shi ake kira ORM, aikinsa irin na tafinta ne a kasuwar Mora, inda mai saye ke jin Fulatanci, mai sayarwa ke jin Mandara ko Barbarci. In ciniki ya watse, mai hankali yakan fara tambayar me tafinta ya faɗa wa mai kaya, kafin ya ɗora wa kowa laifi.

Wannan aiki ya riga ya iso arewacin Kamaru. DHIS2, manhajar da Ma'aikatar Lafiya ke tattara alƙaluman gundumomin lafiya da ita, a kan Hibernate da PostgreSQL take tsaye. Hibernate ya fito a 2001, Django a 2005, Laravel a 2011, kuma ɗalibin kwamfuta a Jami'ar Marwa ko ta Garwa ba zai daɗe bai haɗu da ɗayansu ba. Bari mu ɗauki misali mu bi shi. A ce ƙungiyar manoman albasa a Mora tana da manhajar rajistar mambobi da bashin iri da taki, wata safiya magatakarda ya danna ajiye, allo ya cika da jan rubutu.

Kada ka taɓa komai tukuna. Karanta saƙon kuskuren duka. A Python layin ƙarshe ne ke ɗauke da maganar. A Java sai ka gangara zuwa "Caused by" na can ƙasa, domin na sama duk marufi ne. Abin da kake nema shi ne wa ya yi magana. Wani lokaci tambayar ba ta ma bar manhaja ba, ORM ne ya ƙi ta, misali ka nemi filin da babu shi a samfurin da ka rubuta. Wani lokaci ta fita amma ba ta isa ba, haɗi ya yanke. Wani lokaci kuma ta isa, rumbun ya ji, ya ƙi. A wannan na ukun za ka ga lamba, kuma lambar ta fi rubutun amfani, domin saƙon kan zo da Turanci ko Faransanci gwargwadon saitin na'ura, lambar kuwa ba ta canzawa. A PostgreSQL, 23505 na nufin abin da ya kamata ya zama ɗaya tak ya maimaitu, 23503 na nufin layi ya nuna wani layin da babu shi, 42703 ginshiƙin da aka nema babu shi. A MySQL takwarorinsu su ne 1062 da 1452 da 1054.

Daga nan sai ka sa tafinta ya maimaita abin da ya faɗa. Kowane ORM yana da hanyar nuna SQL ɗin da ya aika. A SQLAlchemy ana kunna echo, a Hibernate show_sql, a Django ana duba connection.queries idan DEBUG na kunne, a Laravel akwai toSql da DB::listen. Kwafi jimlar, ka buɗe psql ko mysql, ka aika ta da hannunka. Ka lura, sau da yawa za ka ga alamar tambaya a gurbin sunaye da lambobi, domin ana aika su daban. Sai ka nemo ainihin abin da magatakarda ya shigar ka cike. Kuma ka yi wannan gwajin a kan kwafin rumbun, ba a kan na aiki ba, musamman in jimlar ta gyara ce ko ta gogewa. In ta faɗi da hannu kamar yadda ta faɗi a manhaja, to matsalar na cikin rumbu ko cikin bayanan. In ta wuce lafiya, koma kan saiti: wataƙila manhajar na magana da wani rumbun daban, ko da wani sunan mai amfani da ba shi da izini. A ganina wannan matakin shi ne rabin aikin, kuma shi ne aka fi tsallakewa.

Idan lambar ta ce tebur ko ginshiƙi babu, kusan kullum an canza samfuri a manhaja amma ba a kai canjin rumbu ba. Django na da showmigrations, Laravel na da migrate:status, su ne za su nuna maka wane sauyi ne bai shiga ba. Akwai wani tarko kuma. MySQL a kan Windows ba ya bambanta babban harafi da ƙarami a sunan tebur, a kan Linux kuwa yana bambantawa. Shi ya sa manhaja kan yi aiki sumul a kwamfutar mai rubutu, ta faɗi ranar da aka ɗora ta a sabar.

Inda ya kamata a fi daɗewa shi ne kan bayanan kansu, domin a nan ne yankinmu ke da nasa matsalolin da littattafan koyo ba su kawo ba. Ɗauki lambar waya. Lambobin Kamaru tara ne, kuma na salula da 6 suke farawa. Wanda ya ajiye su a ginshiƙin lamba na yau da kullum ba zai ga matsala ba, domin iyakar ginshiƙin 2,147,483,647 ce, lamba tara kuwa ba ta kai nan ba. Ranar da wani ya rubuta 237 a gaba, lambobi sun zama 12, rumbun ya ce ta yi yawa. Mora kuma tana kusa da iyaka, ta Amchide da Banki, ba a rasa mamba mai layin Najeriya. Lambarsa da sifili take farawa, ko an faɗaɗa ginshiƙin lamba don ya ɗauke ta, zai yar da sifilin shiru, babu ko saƙon kuskure. Lambar waya ba a tara ta, ba a raba ta, saboda haka a ginshiƙin rubutu ya dace ta zauna.

Sai haruffa masu lanƙwasa. Tsohon tsarin latin1, wanda MySQL ya daɗe yana zuwa da shi kafin sigar 8.0, yana karɓar haruffan Faransanci, don haka Tokombéré zai shiga lafiya, mai rubutu ya ɗauka komai daidai. Amma ɓ da ɗ da ƙ na Hausa, da ŋ da ƴ na Fulatanci, babu su a cikinsa. Sai a wayi gari Ɗanjuma ya ƙi shiga da kuskure 1366, ko ya shiga da alamar tambaya a gurbin harafin farko. Maganin utf8mb4 ne, amma a wurare uku: tebur, ginshiƙi, da haɗin da ORM ke buɗewa. Gyara biyu ka bar ɗaya, matsalar na nan. Kuma sunayen da suka riga suka zama alamar tambaya ba za su dawo ba, sai an koma littafin rajista an sake shigar da su.

Kuskuren maimaici, 23505, yakan ɗaure kai idan ya faɗo a kan lambar layi da rumbun ke bayarwa da kansa. Yawanci an loda tsofaffin mambobi ne daga Excel tare da lambobinsu, shi kuwa ma'aunin PostgreSQL bai motsa ba, yana nan a 1. Sabon mamba ya zo, aka ba shi lambar da wani ke riƙe da ita. Django na da sqlsequencereset don wannan, yana fitar da jimlar da za ta kai ma'aunin gaba. Kada ka cire sharaɗin hana maimaici don saƙon ya ɓace. Sharaɗin ne ke hana bashin mutum ɗaya hawa kan sunan wani.

Akwai saƙon da ke ɓatar da mutane, 25P02. PostgreSQL na ɗaure ayyuka da yawa wuri ɗaya, ko su shiga duka ko kada ɗaya ya shiga. Da zarar ɗaya ya faɗi, duk na bayansa sai a ƙi su da wannan lambar har a warware ɗaurin. Ba shi ne cutar ba. Hau sama a kundin sabar ka nemo kuskuren farko, sau da yawa wani wuri ne a manhajar da ya kama kuskure ya haɗiye shi bai faɗa ba.

In manhaja na aiki da yamma, ta ƙi da sassafe, ta dawo bayan an sake kunna ta, duba haɗi. ORM yakan riƙe haɗe-haɗe a buɗe don sauri, shi kuwa MySQL yana rufe wanda ya yi sa'a 8 ba motsi, sai ka ga kuskure 2006. Ɗaukewar wuta ko yankewar intanet ma haka suke yi. SQLAlchemy na da pool_pre_ping, Django kuma tun sigar 4.1 yana da CONN_HEALTH_CHECKS, duka suna gwada haɗin kafin amfani da shi.

Wata matsalar ba ta zuwa da jan rubutu ko kaɗan, shafi ne kawai ke nauyi. Ƙirga tambayoyin da suka fita. A ce mambobi 500 ne, shafin na nuna kowa da ƙauyensa. ORM zai ɗauko jerin da tambaya ɗaya, sannan ya koma ya tambayi ƙauyen kowane mutum daban, tambaya 501 ke nan. A kwamfutar gwaji mai mambobi goma ba za a ji ba. In rumbun na Yawunde ko Duwala, manhajar na Mora, kuma kowace tafiya na cin kashi ɗaya cikin biyar na daƙiƙa, shafi ɗaya zai ci daƙiƙa 100. Ka umarci ORM ya kwaso komai tare, da select_related a Django, joinedload a SQLAlchemy, ko with a Laravel. In tambaya ɗaya ce kuma take jan ƙafa, sa EXPLAIN a gabanta ka ga ko rumbun na karanta tebur duka saboda rashin fihirisa.

Wani zai gaji ya ce bari ya ajiye ORM ya rubuta SQL da hannunsa. Akwai inda hakan ya dace, rahoto mai sarƙaƙiya misali. Amma kada ya liƙa abin da aka shigar kai tsaye cikin jimlar. Sa'adu da Ma'aruf da Nana A'isha duk suna da alamar da SQL ke rufe rubutu da ita, jimlar za ta karye a tsakiyar sunan, kuma ta wannan ƙofar ce mai mugun nufi ke cusa umarninsa ya kwashe ko ya goge rajista. Kowane ORM na ba da damar rubuta SQL da gurabe, a miƙa sunan daban, rumbun ya karɓe shi a matsayin suna kawai.