Mallakar Karɓa-karɓa: Yadda Ake Damfarar Masu Sayen Makon Hutu

Mallakar karɓa-karɓa, wadda ake kira taimshiya a Turai da Amurka, tsari ne da mutane da yawa ke tarayya a gida ɗaya a wurin shaƙatawa, kowannensu ya sayi haƙƙin zama na ƙayyadadden lokaci, galibi mako guda a kowace shekara, ta yadda gida ɗaya zai iya samun masu shi har hamsin. Tsarin ya samo asali ne a Turai, inda kamfanin Hapimag na Suwizalan da aka kafa a 1963 ya kasance cikin na farko, sannan ya bazu zuwa Amurka a shekarun 1970, ƙasar da a yau kusan iyalai miliyan 10 ke riƙe da irin wannan mallaka. Tsarin a karan kansa ba zamba ba ne, domin an yi amfani da makamancinsa wajen sayar wa masu ziyara haƙƙin zama na shekara 24 a benen Zamzam da ke gaban Harami a Makka. Ɓarnar tana cikin yadda ake sayarwa, musamman yadda ake buɗe ƙofar shiga a toshe ta fita.

Alƙaluman ƙungiyar masu wannan sana'a a Amurka sun nuna cewa matsakaicin farashin saye ya kai kimanin dala 24,000 a 'yan shekarun nan, kuma mutane da yawa bashi suke ci daga kamfanin da kansa, da kuɗin ruwa mai tsada, don su biya. Bayan wannan akwai kuɗin kula da gida, wanda ya haura dala 1,000 a shekara, yana ƙaruwa kusan kowace shekara, kuma wajibi ne a biya shi ko an je hutu ko ba a je ba. Yarjejeniyoyi da dama ba su da ranar ƙarewa, don haka nauyin yakan shiga cikin abin da mamaci ya bari. Tun da kaso mai tsoka na farashin farko yana tafiya ne a talla da la'adar dillalai, abin da aka saya yakan rasa yawancin darajarsa tun daga ranar da aka sa hannu, shi ya sa ake ganin masu shi suna tallarsa a shafin eBay a kan dala ɗaya tak, ba don komai ba sai don su rabu da alaƙaƙai.

Hajar da ke da irin wannan aibi ba ta sayuwa ga mutumin da aka ba shi lokacin tunani, saboda haka aka gina cinikinta a kan hana tunani. Akan tare matafiyi a otal ko a bakin teku a yi masa tayin kyauta, kamar kwana biyu a masauki ko tikitin wurin wasa, bisa sharaɗin ya halarci bayani na minti 90 tare da matarsa, domin kada ɗayansu ya ce sai ya yi shawara da ɗayan. Banza dai ba ta kai zomo kasuwa. Bayanin yakan ɗauki sa'o'i, dillali na tashi wani na zama, kowanne yana rage farashi yana rantsuwa cewa rangwamen na ranar ne kaɗai, har gajiya da kunya su yi aikin da hujja ta kasa yi. A nan ne ake zuba romon baka, a ce abin jari ne da zai yi daraja, ko kamfanin zai sake saye idan an gaji, ko za a iya ba da hayarsa a ci riba. Takardar da ake sa wa hannu kuwa takan ƙunshi sakin layi da ke cewa mai saye bai dogara da wani alkawarin baka ba, kuma wannan layi shi ne garkuwar kamfani idan aka je kotu. A 2016 masu taya alƙali yanke hukunci a San Francisco sun ba Trish Williams, tsohuwar ma'aikaciyar kamfanin taimshiya na Wyndham, diyyar dala miliyan 20, wadda aka rage daga baya, saboda korarta da aka yi bayan ta fallasa yadda ake yaudarar tsofaffi. A shekarar ce kuma kamfanin Diamond Resorts ya amince ya biya dala 800,000 don sasanta zargin yaudara da babban lauyan jihar Arizona ya yi masa.

A Turai sunan da ya fi fita shi ne na John Palmer, ɗan Ingila da ya kafa daularsa a tsibirin Tenerife na Sifaniya, wanda dabararsa ita ce a yi wa mai tsohon mako alkawarin sayar masa da shi idan ya sayi sabo, sai ya wayi gari da nauyi biyu. Kotu a Landan ta ɗaure shi shekara takwas a 2001 bisa damfarar mutane kimanin 16,000, da yawansu 'yan fansho. Irin wannan ta'asa ce ta sa Tarayyar Turai ta kafa doka a 1994, ta kuma ƙarfafa ta a 2008, inda ta ba mai saye kwana 14 na janyewa ba tare da ya faɗi dalili ba, ta kuma haramta karɓar kafin alƙalami a cikin waɗannan kwanaki. Dokar Sifaniya ta 1998 ta ƙayyade wa'adin yarjejeniya da shekara 50, kuma a 2015 Kotun Ƙolin ƙasar ta soke yarjejeniyar da ba ta da ƙarshe. A Amurka kowace jiha da nata wa'adin, kwana 10 a Florida, 7 a California, 5 a Nevada, lokacin da kan shuɗe kafin matafiyi ya koma gida ya karanta takardunsa.

Ana kukan targaɗe sai ga karaya, domin miliyoyin mutanen da suka ƙosa su fita sun zama kasuwa ta biyu ga 'yan damfara. Kamfanoni sun ɓullo suna karɓar dubban daloli da alkawarin raba mutum da yarjejeniyarsa, wasu har suna ba shi shawarar ya daina biya, abin da ke ɓata masa suna a wurin masu ba da bashi. A 2021 kamfanin Reed Hein, wanda aka fi sani da Timeshare Exit Team, ya amince ya biya dala miliyan 2.61 a shari'ar da jihar Washington ta shigar.

Mafi muni shi ne shigowar ƙungiyar masu safarar miyagun ƙwayoyi ta CJNG ta jihar Jalisco a Meziko, wadda ke gudanar da cibiyoyin kiran waya inda ma'aikata masu jin Ingilishi ke kiran dattawan Amurka su ce an sami mai saye da farashi mai tsoka, amma sai an fara biyan haraji da kuɗin takardu. Idan kuɗin suka tafi, sai wani ya sake kira a matsayin lauya ko jami'in gwamnati da zai ƙwato su, shi ma da nasa kuɗin. Wannan ita ce zambar biya-kafin-ka-samu da aka sani da 419 a Najeriya, bambancin kawai shi ne waɗannan suna riƙe da ainihin bayanan abin da mutum ya mallaka, wanda ke sa ƙaryar ta yi kama da gaskiya. Hukumar FBI ta ce tsakanin 2019 da 2023 Amurkawa kimanin 6,000 sun kai ƙarar asarar kusan dala miliyan 300, kuma a watan Mayu na 2023 an kashe matasa takwas da ke aiki a irin wannan cibiya a Zapopan.

Dokokin da ake da su sun fi mai da hankali ga kwanakin farko na ciniki, alhali muddin ba a tilasta wa kamfanoni su karɓi abinsu daga wanda ya tsufa ko ya kasa biya ba, dillalan ƙarya ba za su rasa abin farauta ba. Matafiyin da aka yi wa irin wannan tayi a ƙasar waje ya kamata ya ƙi sa hannu a ranar, ya nemi a rubuta kowane alkawari a cikin yarjejeniya, ya kuma san kwanakin janyewa da dokar wurin ta ba shi kafin ya biya ko sisi.