Kalmar Sirrin Wi-Fi Ba Ta Tsare Foldar da Aka Raba

A gidan da ake da kwamfuta biyu ko uku a kan Wi-Fi ɗaya, ba a daɗewa wani ke lura cewa babu dalilin yawo da filashi daga ɗaki zuwa ɗaki. Sai a zaɓi folda guda a babbar kwamfuta a raba ta, a zuba mata hotunan biki da na suna, da takardun makarantar yara, da finafinai, har da lissafin shagon maigida da hoton katin shaidar ɗan ƙasa da aka taɓa ɗauka don cike wani fom. A wajen rabawar, Windows kan tambayi su wa za a bai wa izini, kuma amsar da ta fi saurin zuwa hannu ita ce wadda aka rubuta Everyone, wato kowa da kowa. In shigar ta ƙi, sai a bi shawarar da ta cika intanet, a kashe tsarin da ke neman kalmar sirri kafin a buɗe foldar. Nan take komai ya yi aiki, shi ya sa ba wanda ke sake waiwayar abin. A ganina wannan sauƙin ya fi tsada fiye da yadda ake zato. Abin da ya dace shi ne kowane mai shiga foldar ya kasance da sunansa da kalmar sirrinsa, a kuma ba shi iya izinin da aikinsa ke buƙata, ko da kuwa duk masu shigar 'yan gida ɗaya ne.

Tushen kuskuren shi ne ɗaukar kalmar sirrin Wi-Fi a matsayin kariya. Ita Wi-Fi kamar ƙofar zaure take: wanda aka yi wa iso ya shigo gida, amma ba a taɓa cewa don baƙo ya wuce zaure sai a miƙa masa makullin ɗakin uwargida ba. Kuma kowa ya san yadda wannan kalma ke yawo. Ɗan maƙwabta ya roƙa don ya sauke aikin makaranta, abokin ƙanin maigida ya karɓa ranar kallon ƙwallo, mai gyaran waya ya gan ta a cikin wayar da aka kai masa. Tun daga Android 10 da ya fito a 2019, mai waya na iya nuna wa wani lambar QR ya shiga Wi-Fi ba tare da an furta ko harafi ɗaya ba, iPhone ma na miƙa ta ga wanda ke kusa da dannawa ɗaya. Ma'ana, mai rautar kansa ba zai iya lissafa waɗanda ke kan layinsa ba bayan 'yan watanni. Duk wanda ke kan layin, in foldar a buɗe take ga baƙi, manhajar duba fayiloli ta kyauta a waya ta ishe shi ya ga sunan kwamfutar, ya taɓa, ya shiga.

Yana da kyau a san abin da ke gudana a ƙarƙashi. Kwamfutoci na musayar folda ne ta wata ƙa'ida da ake kira SMB, wadda aka fara ƙirƙira a kamfanin IBM a farkon shekarun 1980, Microsoft ya ɗauka ya mai da ita ginshiƙin raba fayil a Windows. A yau tana bi ta mashiga mai lamba 445. A 1992 wani ɗan Ostireliya, Andrew Tridgell, ya fitar da abin da ya zama Samba, manhajar da ke sa Linux da yawancin akwatunan ajiya na gida su iya magana da wannan ƙa'ida. Duk lokacin da wata na'ura ta nemi folda, kwamfutar da ke riƙe da foldar kan yi tambaya biyu: wane ne kai, kuma me aka yarje maka? Abin da ke rikita mutane shi ne amsar tambayar farko. Kwamfutar da ke riƙe da folda ba ta san mutanen da ke sauran kwamfutoci ba. Jerin sunayen da ke cikinta kaɗai ta sani. A ofis akwai uwar garke guda da ke riƙe da sunayen ma'aikata duka, a gida babu. Don haka in ana so uwargida ta shiga daga tata kwamfutar, sai an buɗe mata asusu a kan kwamfutar da foldar take, ko da ba za ta taɓa zama gabanta ba. Da can Windows 7 ya zo da HomeGroup don rage wannan wahala da kalmar sirri guda ta gida, amma Microsoft ya cire shi daga Windows 10 a 2018, kuma wasu daga cikin umarnin da ke yawo har yanzu daga wancan zamani suke.

Aikin kansa bai kai yadda ake tsoronsa ba. A kwamfutar da ke riƙe da foldar, a buɗe wa kowane mutum asusu na talaka, ba na mai gudanarwa ba, a sa masa kalmar sirri ta gaske, domin Windows ba ya barin asusun da babu kalmar sirri ya shigo ta hanyar layi. A tabbatar an ayyana Wi-Fi ɗin gida a matsayin layi na kai, ba na jama'a ba, a kuma bar neman kalmar sirri a kunne. Sannan a danna foldar da maɓallin dama, a shiga Properties, a buɗe shafin Sharing, a bi ta Advanced Sharing zuwa Permissions. A nan za a tarar da Everyone zaune. A cire shi, a shigar da sunayen da aka buɗe ɗaya bayan ɗaya. Izini hawa uku ne: karantawa kawai, canzawa, da cikakken iko. Yaran da ke kallon finafinai karantawa ta ishe su, wanda ke shigar da lissafin shago yana buƙatar canzawa, cikakken iko kuwa ba shi da wani amfani ga kowa sai mai kwamfutar. Sai dai akwai wani wurin izini na biyu da mutane ke mantawa, shi ne shafin Security da ke maƙwabtaka da na rabawa. Wannan izinin faifan ajiya ne da kansa, kuma in shafukan biyu suka saɓa, wanda ya fi tsauri shi ke yin nasara. In an ba mutum canzawa a shafin rabawa, shafin tsaro kuma ya ce karantawa kawai, to karantawa zai samu; in babu sunansa a can kwata-kwata, za a ce masa ba shi da izini alhali yana ganin foldar da idonsa. Da yawa daga cikin waɗanda suka gaji suka koma Everyone a nan suka yi tuntuɓe. Wata ƙaramar shawara: a guji akwatin Deny. Hani na gaba da izini a Windows, don haka wanda ya hana wani rukuni zai iya rufe kansa a waje in shi ma yana cikin rukunin. Rashin sa sunan mutum a jerin ya wadatar.

Za a ce, to ai gida ne, jini ɗaya ne, wannan ba nuna rashin yarda ba ne? Wannan ita ce hujjar da ta fi nauyi a zuciya, amma ta ɗauka cewa ɓarna sai da mugun nufi, alhali sau da yawa fayilolin da ke salwanta a gida hannu mai kyakkyawar niyya ne ke salwantar da su. Ga wani abu da mutane ƙalilan suka sani: fayil ɗin da aka goge daga wata kwamfuta ta hanyar layi ba ya faɗawa kwandon shara na Windows. Yaro ɗan shekara tara da ya ja yatsa bisa kuskure a kan foldar hotunan auren iyayensa ba zai tarar da su a kwandon tasa kwamfutar ba, ba kuma za a tarar da su a na babbar ba. Na biyu kuma, izinin da aka ba mutum, an ba duk wata manhaja da ke aiki da sunansa. Manhajar garkuwa da fayiloli, wadda ke kulle su ta nemi kuɗin fansa, in ta shiga kwamfutar saurayin da ke sauke wasannin sata, za ta bi duk foldar da asusunsa ke iya rubutu a ciki ta kulle, har da waɗanda ke wata kwamfutar. Inda aka ba shi karantawa kawai, ba ta da hannun canza komai. Masana biyu, Jerome Saltzer da Michael Schroeder, sun rubuta wannan ƙa'ida tun 1975, cewa kowane mai amfani da kowace manhaja su yi aiki da mafi ƙarancin izinin da zai kammala aikin. Ba halin mutum ake aunawa ba. Ana rage girman abin da kuskurensa ko cutar na'urarsa za su iya taɓawa ne.

Wani mai ido zai tuna da WannaCry ya ce duk wannan ba zai hana ta ba, kuma ya yi gaskiya. A watan Mayun 2017 wannan manhajar garkuwa da fayiloli ta bazu a ƙasashe kusan 150, ta tsayar da aiki a asibitoci da dama a Birtaniya, kuma ba ta nemi sunan kowa ko kalmar sirrinsa ba. Ta bi ta wata ɓaraka ce a tsohuwar sigar SMB ta farko, wadda Microsoft ya riga ya fitar da facinta tun watan Maris na shekarar, sai dai mutane ba su sabunta ba. Abin da wannan ke nunawa shi ne iyakance izini ba ya maye gurbin sabunta Windows, da barin tsohuwar sigar a kashe, da kuma rashin buɗe mashiga 445 ko akwatin ajiya ga intanet ta cikin rauta. Masu akwatunan ajiya na QNAP da suka bar su a buɗe ga duniya sun ɗanɗana kuɗarsu a 2022 lokacin harin DeadBolt. Amma kasancewar akwai ɓarnar da izini ba ya tarewa ba ta zama hujjar watsi da wadda yake tarewa ba, musamman da yake ita ce ta yau da kullum. Shi ma Microsoft can ya dosa: sababbin sigogin Windows sun daina zuwa da tsohuwar SMB a kunne, kuma wasunsu sun daina yarda su shiga folda a matsayin baƙo marar suna. Wanda ya gina rabonsa a kan shigar baƙi zai wayi gari wata rana sabuntawa ta rushe masa shi.

Sauran ƙorafin na gajiya ne. Me zai hana a buɗe asusu ɗaya, kowa ya yi amfani da shi? Ya fi barin ƙofa a buɗe, babu shakka, amma kalmar sirrin da mutum biyar suka sani za ta bi sawun ta Wi-Fi, kuma ranar da ɗan haya ya tashi ko yaron shago ya bar aiki, sai an canza ta a kowace na'ura. Da asusu daban-daban, nasa kawai za a kashe. Batun rubuta kalmar kullum ma bai taso ba, domin Windows na adana ta tun karon farko in an ce ya tuna. Abu biyu ne kawai ke ba da ciwon kai. Lambar PIN da mutum ke buɗe kwamfutarsa da ita ba ta aiki ta hanyar layi, ainihin kalmar sirrin asusun ake nema. Kuma Windows ba ya barin mutum ɗaya ya haɗu da kwamfuta ɗaya da sunaye biyu a lokaci guda, don haka mai gwaji da wani suna sai ya yanke haɗin farko tukuna. Akwai kuma dabarar ƙara alamar dala a ƙarshen sunan folda don ta ɓuya daga jeri. Ɓuya kawai take yi. Wanda ya rubuta sunan zai shiga, kuma akwai manhajojin da ke nuna ta ƙarara. Tsohuwar talabijin ko na'urar sikanin da ba ta iya shiga da suna ba, a ware mata folda tata da babu komai mai muhimmanci a ciki, maimakon a sassauta tsaron gidan gaba ɗaya dominta. Baƙi kuwa, yawancin rautoci na da layin baƙi na daban da ke ba da intanet ba tare da nuna na'urorin gida ba.

Wajibi ne a faɗi inda iyakar wannan tsari take, don kada a jingina da shi fiye da ƙarfinsa. Izinin rabawa na aiki ne ga mai zuwa ta layi kaɗai. Wanda ya zauna gaban kwamfutar, izinin shafin tsaro ne kawai ke gabansa, in kuma asusun mai gudanarwa yake riƙe da shi, yana iya ƙwace mallakar kowace folda. Filashi ko faifan waje da aka tsara da FAT32 ko exFAT ba shi da shafin tsaro ko kaɗan, sai an mai da shi NTFS. Ɓarawon da ya ɗauke kwamfutar ɗungurungum zai zare faifan ya karanta a wata na'ura ba tare da izinin kowa ba, sai fa in an kulle faifan da irin su BitLocker. Faifan da ya mutu kuwa babu ruwansa da sunan kowa, kwafi na biyu a wani wuri ne kawai maganinsa. A Mac tsarin ɗaya ne a ƙarƙashin File Sharing, inda ake zaɓar wa kowane suna karantawa ko karantawa da rubutu. A Samba kuma layi guda ne a fayil ɗin smb.conf da ke lissafa waɗanda aka yarje wa. Ko wacce aka yi amfani da ita, kada a yarda da abin da shafukan izini suka nuna sai an gwada. A ajiye wani fayil marar amfani a foldar, a ɗauki kwamfutar yaran a shiga da sunansu, a yi ƙoƙarin goge shi, sannan a ɗauki wayar da ba a ba ta kowane suna ba a ga ko za ta iya buɗe foldar. In fayil ɗin ya gogu ko wayar ta shiga, a koma shafukan nan biyu a duba ko Everyone na nan a ɗayansu, ko kuma neman kalmar sirri yana kashe.