Girkin Ɗalibi a Zafin Sakkwato: Abin Tanadi da Abin da Ba a Kwana da Shi

A bakin ɗaliban jami'o'in Najeriya akwai wani lissafi da babu malamin da ya koyar da shi, amma kowa ya iya: 1-0-1, 0-1-0, 0-0-1. Ɗaya na nufin an ci abinci, sifili kuwa an yi haƙuri. Mai 0-0-1 ya fita da sassafe ciki wayam, ba zai sa komai a baki ba sai an yi magariba. Da dariya ake faɗin abin, amma duk wanda ya tsaya bakin titi a Runjin Sambo da safe, ya ga matasan da ke rububin abin hawa zuwa mazaunin dindindin na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, ya san da yawansu da ruwan leda kaɗai suka karya kumallo.

Ba haka abin ya faro ba. Lokacin da aka kafa wannan jami'a a 1975, da sunan Jami'ar Sakkwato, ɗalibin jami'a a ƙasar nan tikiti yake miƙawa a ɗakin cin abinci a zuba masa, gwamnati na biyan kaso mai tsoka. Ƙarin kwabo 50 a kuɗin abincin yini ne ya haddasa zanga-zangar ɗalibai ta 1978, wadda aka yi wa Kanar Ahmadu Ali, mai riƙe da ma'aikatar ilimi a lokacin, har aka rasa rayuka a Legas da Zariya. A 1984 aka janye tallafin abincin. Tun daga nan tukunyar ɗalibi ta koma wuyansa. Bayan cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu 2023 kuma, kaya suka yi tashin gwauron zabo, har Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce hauhawar farashin abinci ta haura kashi 40 cikin 100 a tsakiyar 2024. Guzurin da ake haɗo wa yaro daga gida, wanda a da yake kai shi ƙarshen zango, yanzu da ƙyar yake ganin jarrabawar tsakiya.

Shawarar da ɗalibai suka fi cin karo da ita a intanet ita ce a yi girki mai yawa ranar hutu, a rarraba a robobi, a jera a firji, a yi ta ci har mako ya zagayo. Masu wannan shawara suna da wutar da ba ta ɗaukewa. Ɗalibin da ke haya a Runjin Sambo ko ɗalibar da ke ɗakin kwanan makaranta ba su da firji, in ma akwai to babu tabbacin wuta, ga shi daga Maris zuwa Mayu zafin Sakkwato kan haura digiri 40. Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗin kada dafaffen abinci ya wuce awa 2 a ajiye ba sanyi ba wuta, domin tsakanin digiri 5 da 60 ne ƙwayoyin cuta suka fi hayayyafa. Ɗakin ɗalibi a watan Afrilu yana tsakiyar wannan ma'auni daram.

Shinkafa ce ta fi yaudara. Akwai wata ƙwayar cuta da ke zuwa tare da ɗanyar shinkafa, ba ta mutuwa gaba ɗaya a dahuwa, tana lafewa ne ta jira abinci ya huce. In tukunya ta yini a rufe cikin zafi sai ta farfaɗo ta saki guba, gubar kuwa ɗumame ba ya kashe ta. Shi ya sa mutum zai ɗumama shinkafar safe da dare, ba wari ba yami, ya ci, kafin awa biyar sai amai. Sai a ce shawara ce ko taifot, a tafi kemis a sayo magani, alhali laifin yana cikin tukunya. Miyar da aka sa wa nama ko kifi, da faten wake, da alale, duk ba su jure kwana ba tare da sanyi ba. In dole sai an ajiye miya, a tafasa ta sosai kafin a kwanta, a rufe, kada a ƙara tsoma cokali, da asuba a sake tafasawa har ta yi ɓararraka. Wannan ma dabarar kwana ɗaya ce, ba ta uku ba.

To ina mafita ga wanda ke da lacca daga ƙarfe 8 zuwa 6? Mafitar tana cikin abin da iyayenmu mata suka daɗe suna yi tun kafin firji ya zo ƙasar Hausa: a tanadi busasshe da yawa, a dafa ɗanye kaɗan. Aikin da ke cin lokaci a girki ba tsayuwa gaban wuta ba ne, daka ne da niƙa da tsince-tsince. Waɗannan kuwa ana iya gama su rana ɗaya, su yi wata ba su lalace ba.

A fara da garin kunu. Gero ko dawa awo uku, waken suya awo ɗaya, gyaɗa awo ɗaya, a soya kowanne daban har ya yi ƙamshi, a sussuke ɓawon waken da na gyaɗar, a zuba 'yar citta da kanumfari, a kai inji. A tabbata waken suyan ya soyu sosai, ɗanyensa yana ɓata ciki. Wannan gari, cikin roba mai murfi, shi ne maganin sifilin farko na lissafin nan. A dama da ruwan sanyi, a juye a tafasasshen ruwa, minti biyar kunu ya yi. Ya fi shayi da burodi riƙe ciki, ya kuma fi su arha. Masu ƙarfi su ƙara madara, marasa ƙarfi ba su rasa komai ba, domin fiye da kashi ɗaya cikin uku na waken suya sinadarin gina jiki ne.

Sai yajin ƙuli-ƙuli, da dakakkiyar daddawa, da busasshen zogale, da kuka, da busasshiyar kuɓewa, da kauɗar tumatir da tattasai, da garin ɗanwake. Mai waɗannan a kwalinsa ya yi rabin girkin zango. Ɗanwake minti 15 ne daga kwaɓi zuwa kwano, a yanka masa albasa da tumatir da kabeji, a ɗora dafaffen ƙwai in da hali. Zogale a jiƙa, a tafasa, a tsane, a kwaɗa da ƙuli. Dankalin Hausa a dafa shi da ɓawonsa yayin da ake wanka, a ci da yaji da mai kaɗan. Garau-garau, wanda wasu ke yi wa kallon abincin ƙarshen wata, a gaskiya haɗi ne mai hikima: abin da shinkafa ta gaza da shi na gina jiki wake ya cike, abin da wake ya gaza shinkafa ta cike. Gyaransa kawai a ƙara yawan waken, a rage man, a cika shi da ganye. In an jiƙa wake na 'yan awanni kafin a ɗora, an rage lokaci an rage gas. Kanwa tana saurin nunar da shi, gaskiya ne, amma tana kashe wani ɓangare na bitamin ɗin da ke ciki, don haka a sa ƙanƙanuwa ko a bar ta.

Ɗalibin Sakkwato yana da gatan da na Legas ba shi da shi. Albasa da tafarnuwa daga fadamun Goronyo da Wurno da Kware suke fitowa. Kifi yana nan Kwalkwalawa, kan hanyar makaranta. Hatsi da wake ana samunsu a kasuwar Kara, kayan miya a Kasuwar Daji. Mai sayen albasar naira ɗari kullum a bakin layi yana biyan ninkin abin da mutum huɗu za su biya in sun haɗa kuɗi sun auno tare. Haɗa tukunya ma haka: 'yan ɗaki ɗaya su raba kwanaki, wanda ba shi da laccar yamma shi ne mai girkin ranar, a dafa a cinye a wanke. Rigimar wa ya ci nama biyu ba ta kai ciwon ciki tsada ba.

Taliyar 'yan yara kuwa, wadda kowa ke kira Indomie ko da wani kamfani ne ya yi ta, ba zan ce a daina ba, don na san ba za a daina ba. Matsalarta biyu ce: garin alkama ne da mai kusan zalla, sannan 'yar ledar ɗanɗanon cikinta gishiri ce mafi yawa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce gishirin da babba zai ci a yini kada ya kai giram 5, wato bai cika ƙaramin cokalin shayi ba. Mai dafa leda biyu ya juye ɗanɗanon duka, ya ƙara dunƙulen magi, ya kusa cinye rabon yininsa a zama ɗaya, ko ma ya wuce. Hawan jini ba ya jiran furfura, kuma ba ya sallama in zai shigo. A sa rabin ɗanɗanon, a cike gurbin da albasa da daddawa, a zuba kabeji ko zogale, a fasa ƙwai ko a yanka awara. Lokacin dahuwar bai ƙaru da minti uku ba.

Akwai kuma abin lura tun daga kasuwa. Waken da ya yi tsaf ba ƙwaro ko ɗaya, yana kuma tashin warin magani, a bar wa mai shi. Wasu 'yan kasuwa na zuba maganin ƙwari irin su Sniper a buhunan wake, kuma saboda irin wannan guba ne Tarayyar Turai ta hana shigar da waken Najeriya ƙasashenta a 2015. Wanki da zubar da ruwan tafasar farko suna ragewa, ba sa kawarwa duka. Gyaɗa ko ƙuli mai ɗaci ko alamar fumfuna, a tofar a zubar. Gubar wannan fumfuna tana taruwa ne ta illata hanta a hankali, musamman ga mai ɗauke da cutar hanta nau'in B. Latas da kabeji da tumatir da za a ci ɗanye a wanke su ganye-ganye da ruwan da mutum zai iya sha, balle da damina. Annobar amai da gudawa ta 2021 ta kama fiye da mutum 100,000 a Najeriya, Sakkwato na cikin jihohin da ta taɓa. Garin kwaki ma, abokin daren jarrabawa, a rufe shi a roba mai murfi, domin ta fitsari da kashin ɓera zazzaɓin Lassa ke shiga abinci, jiƙon gari kuwa ba ya ganin wuta.

Wani zancen da ya kamata a gyara shi ne na olsa. Kusan duk ɗalibin da cikinsa ya yi zafi zai ce yunwa ta sa masa olsa. Yunwa tana tayar da zafin, amma tushen gyambon ciki galibi abu biyu ne: wata ƙwayar cuta da ke zama a tumbi, wadda likitocin Ostareliya Barry Marshall da Robin Warren suka samu kyautar Nobel a 2005 saboda gano ta, da kuma yawan shan magungunan kashe zafi irin su ibuprofen da diclofenac. Ɗalibin da bai karya ba, kansa ya yi ciwo a aji, ya haɗiyi irin waɗannan ƙwayoyi ya bi da lemon ƙara kuzari, shi ke yi wa tumbinsa aika-aika da hannunsa. Ciwon kan nan sau da yawa yunwa ce da ƙishirwa. Da ruwan ciki akan ja na rijiya. In zafin ciki ya daɗe, ko aka ga baƙin bayan gida, asibitin makaranta ko Asibitin Koyarwa na jami'ar za a nufa a yi gwaji, ƙwayar tana da magani, ba madara ko ruwan kanwa ba.

Ga 'yan mata musamman, ƙarancin jini na cikin abin da ke kawo kasala da jiri a aji. Wake, zogale, rama, hanta in an samu, duk suna da sinadarin ƙarfe mai gina jini. Matse lemon tsami ko cin ɗanyen tumatir tare da su yana taimaka wa jiki ya zuƙe shi, shayi mai kauri a kan abinci kuma yana hanawa. A ba da tazarar awa ɗaya tsakanin kwano da kofi.

Saura wuta. Da hunturu akan ga an shigo da kurfoti ɗaki, an rufe ƙofa da taga, a yi girki a kuma sha ɗumi. Gawayi yana fitar da iska mai guba wadda ba ta da wari ba ta da launi; tana farawa da ciwon kai da jin barci, mai barcin kuma ba lallai ya farka ba. Gawayi a waje, ko da sanyi ya kai yaya. Risho kada a ƙara masa kalanzir yana ci. Hitar da ake tsomawa a bokiti da murhun lantarki kada a bar su a jone in an ɗauke wuta, domin a dawowarta ba kowa a ɗaki gobara ke tashi. Mai ƙaramar tukunyar gas kuma ya riƙa shafa ruwan sabulu a mahaɗarta: in ya ga kumfa na tashi, tana yoyo. Wanda ya shigo ɗaki ya ji warin gas kada ya kunna fitila, kada ya ƙyasta ashana, ya buɗe ƙofa da taga, ya fitar da tukunyar waje, a kai wa masu gyara kafin a sake ɗora komai a kanta.