Ɗan Bambancin Da Ke Tsakanin Gyara Da Gara

Wanda ya ce wa kafinta ya gyara masa ƙofa, ba ya fatan gara ta shige ta. Ɗaya daga cikin abubuwan da suka raba kalmomin nan biyu ɗan motsi ne na harshe, watau tsakiyarsa ya ɗaga ya kusanci ganɗa yayin da ake furta baƙin. Masana ilmin furuci suna kiran wannan ganɗantawa. Bahaushe yana yin ta kullum a kyau da gyaɗa da ƙyama da fyaɗe, ba tare da ya lura ba.

Har ila yau, akwai baƙaƙen da kan rikiɗe gaba ɗaya in wasalin i ko e ya biyo su. Shi ya sa mota ta zama motoci, ƙasa ta zama ƙasashe, gida ya zama gidaje, ɓarawo kuma ya zama ɓarayi.

To, ba Hausa kaɗai ke da wannan hali ba. Harshen Rasha ya yi fice a kai, don yawancin baƙaƙensa biyu-biyu suke, mai tauri da mai taushi. A cikin haruffansa 33 har akwai ɗaya wanda ba shi da sautin kansa, babban aikinsa shi ne ya nuna an tausasa baƙin da ya gabace shi. Brat na nufin ɗan'uwa, amma in an ganɗanta t ɗin ƙarshe sai ta koma "ɗauka". 'Yan Nijeriya da aka tura Tarayyar Sobiyet koyon aiki bayan yarjejeniyar gina masana'antar ƙarfe ta Ajaokuta a 1979, sai da suka horar da harshensu a kan wannan bambanci.

A ƙasar Ailan ma haka abin yake. A harshensu na gado bó saniya ce, beo kuwa mai rai. Japanawa su ma suna da ky a sunayen Tokyo da Kyoto, wanda yawancin Turawan Ingila kan ja shi ya zama "kiyo", alhali Bahaushe zai faɗe shi daidai tun karon farko.

Inda gizo ke saƙar shi ne wajen rubutu. Ky da gy da ƙy kowanne sauti ɗaya ne, ko da yake haruffa biyu ake rubutawa. Saboda haka malaman firamare su dage su koya wa yara haka tun daga aji ɗaya, masu buga takardu kuma su daina yar da y, kada mai neman gyara ya tashi da gara.