In Allon Kwamfuta Ya Yi Baƙi

Tun 2015 da jarrabawar JAMB ta koma kan kwamfuta, wasu iyaye a Bagwai kan sayar da amfanin gona su sayo wa 'ya'yansu ta hannu. Wani lokaci da an ɗora mata sabon Windows sai allo ya yi baƙi ƙirin, a zaci ya ƙone.

To, 'yan'uwa, kada a yi garajen sayen wani. A fara duba waya, ko ta saki. In sunan kamfani ya fito kafin duhun, allon lafiya lau yake. Mai yiwuwa manhajar sarrafa hoto ce ba ta dace ba. A kashe injin yana cikin tashi har sau uku, a shiga Safe Mode, a cire ta, a ɗora wadda ta dace.

Lalle rashin sani ya fi dare duhu.