Akurkin Kaji Tsakanin Tsaro da Shan Iska

Wani babban kaso na asarar da mai kiwon kaji a gida ke yi yana faruwa ne da dare ko kuma a kan 'yan tsaki, domin shirwa da shaho suna ɗauka da rana, muzuru da gafiya da maciji kuma suna shigowa bayan an kwanta. Wannan ne ya sa aka saba gina akurki, wato ƙaramin ɗakin laka mai ƙofa ɗaya da ake toshewa da faifai ko fasasshiyar tukunya. Ginin yana kare kaji daga ɓarayin dare, sai dai yakan hana su iskar da lafiyarsu ta dogara a kanta.

Kaza ba ta yin gumi, saboda haka ta hanyar haki take rage zafin jikinta, kuma idan aka rufe ta a wurin da iska ba ta ratsawa a watannin bazara, zafi kaɗai kan iya kashe ta. Kashinta kuma yana fitar da wani tururi mai yaji da ake kira amoniya, wanda ke ƙona idanu da hanyar numfashi, har ya buɗe wa cututtuka ƙofa. Maganin wannan shi ne a gina bango ya tsaya a gwiwa, a ƙarasa sama da ragar waya mai ƙananan idanu da ɓera ba zai iya ratsawa ba, sannan tsawon ginin ya miƙe daga gabas zuwa yamma don kada rana ta riƙa dukan gefensa. Rufin kwano yana bukatar a shimfiɗa masa ciyawa ko zana, kuma idan hunturu ya shigo sai a rataya buhuna ta ɓangaren da iska ke kaɗawa. Ya kamata daɓen ya ɗara ƙasa tsayi saboda ruwan damina, a zuba masa ɓuntun shinkafa da za a riƙa canzawa, kada kuma a tara kaji fiye da huɗu a kowane murabba'in mita.

Akwai abokan gaba da raga ba ta tsarewa. Cutar Niyukasil, wadda ke share kajin unguwa guda musamman a lokacin sanyi, tana yawan shigowa ne ta kazar da aka sayo a kasuwa, shi ya sa ake ware sabuwar kaza mako biyu kafin a haɗa ta da sauran, ana kuma raba makwancin kaji da na agwagi. Murar tsuntsaye, da aka fara tabbatar da ɓullarta a Najeriya a Jihar Kaduna a 2006, tana iya kama mutum, abin da ya sa kwana da kaji a ɗaki ko a madafa ya zama ganganci da lafiyar yara. Cibiyar binciken dabbobi ta Vom da ke Jihar Filato tana sarrafa rigakafin Niyukasil, kuma wajibi ne mai kiwo ya nemi malamin dabbobi ya yi wa kajinsa rigakafin kafin sanyi ya kama.