Tabo a Hoton Ƙirji

Mutum zai taso daga Dagona ko Gashuwa lafiyarsa ƙalau, ya je Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Nguru neman takardar shaidar lafiya don ɗaukar aiki ko shiga jami'a. A ɗauki hoton ƙirji, likita ya ɗaga shi a haske, ya nuna wani farin ɗigo a huhu. Shi ke nan hankali ya tashi, wasu har sun fara tunanin ciwon daji.

Hoton ƙirji inuwa kawai yake nunawa. Maɓallin riga, laya da aka manta a wuya, kan nono, ko haƙarƙarin da ya taɓa karyewa ya warke, duk suna iya fitowa kamar tabo. Shi ya sa ake cewa a tuɓe a sake ɗauka. In ma tabon na gaske ne, yawancin ƙananan ba ciwon daji ba ne. A ƙasarmu, wadda ke sahun gaba a Afirka wajen masu tarin tibi, sau da yawa sawun tsohon tari ne da jiki ya ci ƙarfinsa.

Sai likita ya shiga tambaya: kana shan taba? Shekara nawa? Akwai tari, rama, gumin dare, jini a kaki? Masu bandar kifi a fadamar Hadeja da Nguru da matan da suke wuni a bakin murhu su faɗi hayaƙin da suke shaƙa, ko ba a tambaya ba. Daga nan a gwada kaki da na'urar GeneXpert. Gwajin da maganin wata 6 kyauta ne a cibiyoyin gwamnati. Amma fara shan maganin tibi saboda hoto kaɗai ganganci ne, domin in wata cutar ce, watannin da ya kamata a yi maganinta sun tafi.

Abin da aka fi wulaƙantawa shi ne tsohon hoto, wanda wasu ke jefawa ƙarƙashin katifa har ya lanƙwashe, alhali da shi ake kwatanta sabon hoto. Ɗigon da ya shekara 2 bai ƙara girma ba, galibi ba shi da haɗari. Wanda ya girma, ko ya wuce santimita 3, ko bakinsa ya yi tsini-tsini, musamman ga dattijo mai shan taba, sai hoton CT, ko da za a tafi Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano. Can za a ga ko sai an tsakuro naman a duba.